Zobban Bindigar Nomau

A zamanin da giwa ke kiwo inda kasuwarmu take a yau, wani maharbi mai suna Nomau ya yada zango gindin wata tsamiya, shi da matarsa Hajo. Nomau na Hajo, mai kwana inda kura ke tsoron bi! Bindigar da ya gada wajen mahaifinsa ce ta tsayar da shi. Iccen gindinta ya bushe ya tsattsage, zobban tagullar da suka ɗaure ta sun yi kore shar.

Ya tona rijiya kusa da tsamiyar, ya zauna aiki. Ya kankare iccen da wuƙa, ya goge da rairayi, ya yi ta shafa masa man kaɗe har ya ƙoshi. Zobban kuwa, jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka ya sa ya dirje su, sai da suka koma ɗaukar ido. Kai, ya ji daɗin aikin nan!

To, ashe ya yi wa kansa. Duk dawan da ya shiga, rana na dukan tagullar, barewa na hangowa, sai ƙura. Ya yi ta dawowa hannu biyu, hatsin Hajo kuwa ya kai gindin tukunya.

Hajo ta dube shi ta ce, "Maigida, ka yi wa bindiga kwalliyar amare. Turara ta da hayaƙi mu ci nama."

Ya san gaskiyarta, amma ransa bai so ba. Ya roƙi ta bar masa yinin, ya rataye bindigar can saman tsamiya, ya zauna yana kallonta.

La'asar sakaliya sai ga ayarin fatake, jakunansu na tangaɗi don ƙishi. Madugunsu ya ce sun ɓata hanya, har sun sallama da rai, sai suka hango wani abu na walƙiya bisa itace, suka biyo shi. Suka sha daga rijiyar Nomau, suka sauke gero da gishiri, rabinsu ba su ƙara gaba ba. Haka garin Tsamiyar Nomau ya kafu.

Washegari ya turara zobban, ya kashe gwanki.

Har yau maharban garin, in sun wanke bindiga, sai sun rataye ta yini guda a tsamiyar kafin su kai ta hayaƙi, ko akwai wani mai ƙishi a hanya.