Jan Fenti a Bangon Inna

A wata sabuwar unguwa da ke bayan gari akwai wani mai shagon tayoyi da ake kira Ba-Komai. Ba mugu ba ne. Matsalarsa ita ce duk haɗarin da aka nuna masa, amsarsa ɗaya ce: "Ba komai." Har sunan ya bi shi.

Da mahaifiyarsa ta tsufa, sai ya yi niyyar ƙara mata ɗaki a bayan gidansa don ta dawo kusa da shi. Niyya dai mai kyau. Sai dai ɗan filin da ya rage masa hanyar ruwa ce, nan ruwan unguwar duka ke bi idan damina ta kankama.

Ya je ofishin tsara gine-gine. Jami'ar da ke wurin ta duba taswira ta ce, "Malam, nan ba a gini. In kana so ka yi bene, amma sai injiniya ya duba tushen gidan, ka biya kuɗin izini."

"Duk don ɗakin tsohuwa ɗaya?" Ya yi dariya ya fita.

Ya sa aka cike hanyar ruwan da ɓaraguzai, aka ɗora bulo. Matarsa ta ce, "Maigida, ruwan kuma ina zai bi?"

"Ya nemi wata hanyar. Ba komai."

Ana gama rufi, ma'aikatan hukuma suka shafa wa bangon jan fenti, alamar za a rushe. Ya bi da farin fenti ya rufe, ya ɗauko Inna.

Ruwan farko yana sauka, jan ya ɓullo ta cikin farin kamar jini a bandeji. Inna ta ce, "Ɗan nan, wannan jan fa?"

"Kwalliya ce, Inna."

Daga nan ƙofar ɗakin ta daina rufuwa. Shimfiɗar Inna kullum da danshi. Bango ya tsage, ya liƙe da siminti, ya sake tsagewa. Matarsa kuwa ta gaji da yi masa magana.

Wata rana da hantsi yana shago, aka tsuge da ruwa. Ruwan ya zo hanyarsa ta dā ya tarar da bango, ya bi ta ƙarƙashi, ɗakin ya rufta. Maƙwabta ne suka tono Inna da hannu.

A asibiti likita ya ce ta tsira, amma ba za ta ƙara taka ƙasa ba. Ba-Komai ya durƙusa gaban gadon yana kuka kamar ƙaramin yaro. Inna ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Ba komai, ɗana," in ji ta.

Darasi: dokar gini ba don a wahalar da kai aka kafa ta ba, don ran wanda zai kwana a ɗakin ne. Kyakkyawar niyya ba ta riƙe bango, fenti kuma ba ya shafe gargaɗi. Abin da ka ƙi kashewa a kan izini da gwani, wani naka ne zai biya da jikinsa. Wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.