Tamfol Ɗin da Orrin Ya Ja Shi Kaɗai

Akwai wani mai jefa ƙwallo a wasan besbol, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, sunansa Orrin Tackett. Ya taɓa buga wasa a babban rukuni, inda ake haska mutum a talabijin. Bayan an yi masa aiki a gwiwar hannu, kulob ɗinsa ya turo shi ƙaramar ƙungiyar garinmu, a ga ko hannun zai dawo.

Filinmu tsoho ne. Bencinan katako ne, allon maki da hannu ake canza shi, jirgin ƙasa kuma yana wucewa ta bayan katanga har alƙalin wasa ya dakata. Mutane sukan yi doguwar tafiya don kawai su zauna a nan suna ɓarar gyaɗa. Orrin bai ga abin sha'awa ba.

A irin wannan fili ba a da ma'aikata da yawa. In ruwa ya sauko, kowa fitowa yake a ja tamfol a rufe tudun jifa, inda mai jifa ke tsayawa, da kewayensa: 'yan wasa, mai sayar da tikiti, har tsofaffin 'yan kallo. Mutum ɗaya kawai ake hanawa, wanda zai yi jifa a ranar. Shi sai ya zauna ya adana hannunsa, saura su ja masa.

Duk lokacin da aka fita ja, Orrin na zaune a inuwa.

Wata rana Eladio, abokin wasansa, ya dawo a jiƙe sharkaf ya ce, "Oga, yau ranar jifata ce, ba taka ba. Har ni na fita, kai ko kunya?"

Orrin ya ce, "Yaro, wannan hannun ya fi filinku daraja. Ba da shi zan ja buhu ba."

Eladio ya yi dariya. "To mai daraja, Allah ya bar mana kai."

Bazara ta yi nisa, hannun bai dawo yadda ake so ba. Sai kulob ya aiko masa da magana ɗaya: ranar Lahadi wakilinsu zai zo ya ga jifarsa. In bai gamsu ba, an sallame shi. Orrin ya haura shekara talatin, kuma ban da jifa babu abin da ya iya.

Lahadi da azahar wakilin ya iso, ya ce jirginsa na yamma ne, ba zai kwana ba. Ana shirin farawa gari ya yi baƙi, ruwa ya ɓarke.

In tudun ya jiƙe, an fasa wasa. In an fasa, shi ke nan.

Orrin ya juya ya dubi abokan wasansa. Babu wanda ya motsa. Wani ma ya duƙa yana gyara igiyar takalmi.

"Eladio, don Allah. Ku taimake ni."

"Oga, ai hannayenmu ma na iyayenmu ne."

"Na roƙe ku. Aikina ke nan zai tafi!"

Ba su yi niyyar barinsa ba, so suke ya ɗan ɗanɗana. Amma shi bai san halinsu ba, don bai taɓa zama da su ba. Sai ya ruga cikin ruwan shi kaɗai.

Tamfol ɗin da mutum fiye da goma suke ja da kyar, shi ya cafke. Ya ja, ya zame, ya tashi, ya sake finciko shi da hannun dama.

Daga benci wata tsohuwa, Mama Lurleen, wadda ta fi shekara arba'in tana sayar da lemo a filin, ta ƙwala ihu: "Ɗana, sake shi! Da hannun jifa kake ja! Ku kuma ƙattin banza, kallo kuka zo yi?"

Ta tattare siket ta sauka. Nan take kowa ya zubo, Eladio a gaba. Kafin ka ce me, an rufe fili.

Ba a jima ba ruwan ya ɗauke. Aka yaye tamfol, tudu a bushe ƙayau. Wakilin ya goge benci ya zauna.

Orrin ya hau tudu don ɗumama jiki. Ya ɗaga hannu, ƙwallon ta suɓuce ta faɗi a gabansa. Ya ɗauka ya sake gwadawa. Ko rabin hanya ba ta kai ba. Gwiwar ta riga ta kumbura.

Koci ya zo ya karɓi ƙwallon a hankali, ya miƙa wa wani.

Eladio ya bi shi har bakin fili. "Wallahi da ka ɗan jira, fitowa za mu yi."

Orrin ya ce, "Ban sani ba."

Mama Lurleen ta ɗebo ƙanƙara daga kular lemonta, ta ɗaura masa da tawul. A nan kusa da ita ya kalli wasan har ƙarshe. Wakilin ya wuce ta gabansa zuwa mota, ya ɗaga masa hula, bai tsaya ba.

Darasi: Wanda bai tashi wa mutane a ranarsu ba, ranar tasa ba zai iya jiran su ba, ko da kuwa suna hanya. Ku kuma da aka yi wa wulaƙanci, kada ku horar da mutum a lokacin da yake nutsewa. Ku tura wa wanda kuka san yana ganin ya fi ƙarfin aikin gayya.