Katangar Alhaji Arzika

Akwai wani ɗan kasuwar albasa a Argungu, ana ce masa Alhaji Arzika. Daga Augie yake saro kaya, ya loda wa motoci zuwa Birnin Kebbi da gaba. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi fili a bakin gari, wajen fadama, don ya gina gidan da zai tsufa a ciki.

Ta tsakiyar filin akwai wani kwari. Da rani awaki ke kiwo a cikinsa, da damina kuwa ta nan ruwan unguwar yake gangarawa gulbi.

Illo, tsohon maginin da ya kira, ya zagaya filin sau biyu. Ya ba da shawara a ɗaga tushen gini, a bar kwarin a buɗe.

"Alhaji, ruwa ba shi mance hanyatai," in ji shi.

Arzika ya yi dariya, ya ce bai sayi fili don ya raba da kwaɗi ba. Ya sallami Illo, ya ɗauko wasu. Aka cike kwarin da jar ƙasa, aka zagaye gidan da doguwar katanga mai fasassun kwalabe a kai, aka sa ƙofar ƙarfe guda ɗaya tak.

Damina ta farko ruwa ya rasa mafita, ya juya cikin gidajen maƙwabta. Ɗakin Balaraba, wata mai suyar kifi da mijinta ya rasu, ya zube. Dattawan unguwa suka je roƙo. Arzika ya tarbe su a tsaye, ya ce kowa ya gyara gidansa kamar yadda ya gyara nasa.

A shekara ta uku, wata Talata cikin Agusta, sama ta ɓalle tun hantsi. Kafin azahar ruwan unguwar duka ya taru a jikin katangar, ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Tsakar gida siminti ne, ba inda zai bi ya fita.

Arzika ya je zai buɗe ƙofa. Waje take buɗewa, ruwan waje kuma ya danne ta. Ya sa kafaɗa, matarsa Ɗayyaba ta kama masa, ko motsi. Tagogi duk ƙarfe ne. Ya taka ganga ya kama kan katanga, kwalba ta tsaga masa tafin hannu, ya faɗo cikin ruwa.

A ɗaki akwai mahaifiyarsa, Goggo, wadda ƙafa ta daɗe da hana ta tafiya. Suka ɗora ta kan tebur. Da ruwa ya kai tebur, suka mayar da ita kan buhunan albasa. Ya kira ɗansa Sunusi da ke Nasarawa a Birnin Kebbi a waya. Sunusi ya ce ya taso, amma ruwa ya yanke hanya, motoci na tsaye.

Arzika ya yi ta kiran maƙwabta har muryarsa ta dushe. Ƙarar ruwa a kan kwano ta haɗiye komai. Ruwa ya kai masa ƙirji. Goggo tana rawar sanyi tana jan carbi.

Mutanen unguwa sun riga sun tsere makarantar firamare da ke kan tudu. Balaraba ce ta duba fuskoki, ta tambaya ina Goggo. Wani ya ce a bar mai katanga da katangarsa. Ta ce ai ba tsohuwar ce ta gina ba.

Hodi masunci ya turo kwalekwale, Illo ya shiga da guduma. Suka zagaya ta bayan gidan, ɓangaren da ƙasa ta gangara. Illo ya ɗaga murya:

"Alhaji, sai hwa mun hwasa."

"Ku hwasa, Baba Illo. Don Allah ku hwasa."

Da bulo ya buɗe, ruwa ya kwararo har ya kusa kifar da kwalekwalen. Ta wannan kafar aka fito da Goggo a goye, Arzika da matarsa na biye. A kan tabarmar Balaraba aka kwantar da ita, da zanen Balaraba aka rufe ta. Sai da ta yi mako biyu a asibiti.

Da ruwa ya janye, Arzika ya sa aka tone kwarin, unguwa ta yi gayya aka ja magudana har gulbi. Gidan ya ragu da kusan rabi.

Sannan ya je wurin Balaraba. Ya same ta tana suya a rumfar zana, inda take kwana da 'ya'yanta tun da ɗakinta ya faɗi. Ya durƙusa ya nemi gafara. Ta juya kifinta kafin ta amsa.

"Na yahe, Alhaji, tun ran nan. Sai dai yahiya ba ta tsare ruwan sama."

Washegari aka ga Illo yana auna mata tushe, Alhaji Arzika na miƙa masa bulo da hannu mai ɗauri.

Darasi: Kada ka toshe hanyar ruwa don ka ƙara faɗin gida, kada kuma ka raina kukan maƙwabci, ranar da ruwa ya rufe ka, shi ne mafi kusa da kai. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin gini.