Sunan Jaririyar Kwarin Ɗinya

Ku matso kusa, ku gyara zama. Wannan ba ta Gizo ba ce, labarin mutane ne irinmu, kuma in na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci, ba ni ba.

An yi wata mata ana ce da ita Hajiya Furera. Shekara talatin da biyar ta yi tana aikin ungozoma a asibiti, har ta zama ita ce babba a kan ungozomomin yankinsu. Da ta ajiye aiki ba ta naɗe hannu ba. Ta kafa ƙungiyar taimako mai suna Inuwar Uwa, ta gina gida a wani ƙauye da ake kira Kwarin Ɗinya, inda matan karkara masu tsohon ciki ke zuwa su jira haihuwa kusa da masu kula da su. Tana tsoron kada ƙungiyar ta mutu ranar da ta mutu, don haka ta nemo mata uku da kowacce ta yi fice a fagenta, ta roƙe su su zauna da ita a kwamitin amintattu.

Ta farko ita ce Injiniya Sahura, wadda ta ƙare ƙuruciyarta a kan madatsun ruwa. Ba ta da yawan magana, in kuma ta yi ba ta sa mata zuma. Ta biyu Mai Shari'a Atine, tsohuwar alƙaliyar babbar kotu, wadda ciwon gwiwa ya sa ba ta tafiya sai da sanda. Ta uku Hajiya Gaje, wadda ta fara da tallan fura a tasha tana yarinya, ta wayi gari tana da manyan motoci kuma ita ce shugabar 'yan kasuwar hatsi. Ba ta yi boko ba, amma in ta buɗe baki a taro masu digiri shiru suke yi.

Sau huɗu a shekara suke zama, kullum a birni. Wata shekara, tsakiyar damina, Hajiya Furera ta ce ta gaji da zancen gidan a takarda, wannan karon a ƙauyen za a zauna, kowa ya gani da idonsa. Aka sa ranar Laraba da hantsi.

Ranar ta zo, an shimfiɗa tabarmi, Hajiya Furera da Atine da Gaje sun hallara, babu Sahura. Motarta na ƙofar gida, ita kuwa ba a san inda ta nufa ba. Har ran Hajiya Furera ya fara ɓaci sai ga ta ta shigo, zanenta duk taɓo har gwiwa, babu takalmi ɗaya. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

Ta ce, "Yaya Furera, a ajiye taron nan. Madatsar da ke saman ƙauyen nan za ta fashe yau."

Abin da ya faru shi ne, tun tana shigowa gari ta lura rafin da ke fitowa daga madatsar ya yi ja wur, alhali kwana biyu ba a yi ruwa ba. Kowa ya ga wannan jan ruwan ya wuce, ita kaɗai ta san ma'anarsa. Ta bi rafin a ƙasa har gindin madatsar, ta tarar da ruwa na ɓulɓulowa daga ƙasa kamar tukunya na tafasa, yana fito da jar ƙasa. Madatsar daga ciki take cinyewa.

Hajiya Furera ta tuna da matan da ke hannunta. Mata goma sha ɗaya ne a gidan, kowacce da tsohon ciki, ga kuma ƙauye guda a cikin kwari. Ta ce, "Kin tabbata, Sahura?"

"Da ina shakka da na faɗa miki ina shakka. Iyakarta azahar."

Sahura ta buga waya ofishin da ke kula da madatsar. Wanda ya ɗauka ya ce madatsar ta shekara arba'in ba ta fashe ba, Hajiya ta yi haƙuri ta ci ritayarta, ta daina tayar wa jama'a hankali. Ba ta tsaya musu da shi ba. Ta nemi maƙerin garin, suka ɗauki guduma da baƙin mai suka hau kan madatsar, inda akwai wata tsohuwar ƙofar sakin ruwa da tsatsa ta cinye. Awa guda suna dukanta, tafin hannunta ya sale, kafin ta motsa. Ruwa ya fara fita ta hanyarsa, nauyin da ke kan madatsar ya ragu. Ta sallami maƙerin, ita ta tsaya can sama da waya a hannu tana duban tsagar da ke buɗewa. Ta kira Hajiya Furera ta ce, "Na samo mana lokaci zuwa la'asar. Bayan nan ba ni da iko." Wannan shi ne na Sahura.

To, sani daban, a yarda da kai daban. Da Hajiya Furera ta je ƙofar Mai Gari Tanimu ta faɗi abin da ke tafe, sai fuskokin dattawa suka sauya. Wani ya ce sun san irin wannan. Shekarun baya ma da daɗin baki aka zo, aka ce su tashi za a yi musu gyara, ashe wani mai hali ne ke son fadamarsu. Wani ya ce gero ya fara fitar da kai, wa zai bar gonarsa saboda maganar matar birni? Mazan da matansu ke gidan jiran haihuwa suka ce ba wanda zai ɗauki iyalinsu ya kai wani wuri. Hajiya Furera ta yi bayani, ta yi roƙo, har muryarta ta dushe. Mai Gari ya ce, "Hajiya, mun san alherinki, amma wannan ta fi ƙarfina."

Sai aka ji ƙarar sanda. Mai Shari'a Atine ce ta taho a hankali, ta ce a ba ta turmi. Aka kife mata shi a tsakiyar fili ta zauna.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya yanke shari'ar fadamar nan?"

Mai Gari ya dube ta da kyau, ya sake dubawa, sai ya miƙe tsaye. Ita ce. Ita ce alƙaliyar da ta mayar musu da fadamarsu, aka matsa mata ta ƙi lanƙwasawa, har aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani lungu saboda haka. Ba ta taɓa zuwa garin ba, ba ta taɓa faɗa wa ko abokan zamanta a kwamiti ba.

Ta ce, "Hannun da ya sa hannu a takardar nan, ga shi. Ba zan ba ku ƙasa jiya in zo in ƙwace yau ba. Ban san aikin ruwa ba, amma na san Sahura, ba ta ƙarya. Ga ni nan a kan turmin nan, kun ga ƙafata, ko gudu ba na iyawa. Ba zan tashi ba sai mutum na ƙarshe ya fita daga garin nan. In ruwan ya zo, da ni zai fara. In bai zo ba, ku riƙe ni har kowa ya koma ɗakinsa."

Can Mai Gari ya juya ya ce a buga ganga, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Atine kuwa ba ta motsa ba. Rana ta dake ta, aka kawo laima ta ce a kai wa masu tsohon ciki. Duk wanda ya tsaya jan ƙafa, in ya leƙo ya gan ta zaune, sai kunya ta sa ya ɗaure kayansa. Wannan shi ne na Atine.

Saura fita. Tudun da ruwa ba zai kai ba yana da nisa, tafiyar awa biyu ga mai lafiya, a cikin laka. Masu ƙarfi suka kora dabbobi suka kama hanya. Amma tsofaffi fa, da ƙananan yara, da mata goma sha ɗaya masu tsohon ciki? Motoci biyu ƙanana ne a garin. Ga wata sabuwa kuma: ruwan da Sahura ta saki ya bi rafi ya cinye kwalbatin da ke kan hanya ɗaya tilo ta shiga garin, ya bar rami ya fi tsayin mutum.

Tun ana gardama a ƙofar Mai Gari, Hajiya Gaje tana gefe da waya a kunne. Tana da motoci uku da suka yi lodin masara da safen nan za su yi kudu, ta sa aka juyo da su. Da suka iso bakin ramin, babban direbanta Sallau ya kira ta ya ce ba hanya. Ta tattare zane ta taka da ƙafa har wurin, ta tsaya a wannan gaɓa, motocinta na waccan. Ta dubi ramin, ta dubi lodin.

Ta ɗaga murya ta ce, "Sallau, ku kwance igiya. Ku jefa buhunan a ciki."

"Hajiya, masarar ce fa! Duk abin da kika tara na bana ke nan."

"Na san abin da na loda. Jefa, ɗan nan, rana na tafiya."

Direbobi da mazan gari suka yi ta jefawa, buhu kan buhu, ita tana nuna inda za a bar wa ruwa kafa ya wuce. Lodin mota biyu ya ƙare a ramin, na ta uku ya kusa ƙarewa, kafin ya cika. Aka shimfiɗa ƙyauren gidaje a kai. Sallau ya dubi wannan gada ta masara ya ce shi yana da 'ya'ya. Hajiya Gaje ta haye, ta buɗe gaban motar ta shiga ta zauna, ta ce, "Ni ma ina da su. Ja mu je." Mota ta hau tana rawa, ta sauka lafiya. Sawu huɗu suka yi, kowane sawu tana gaba. A na ƙarshe ne aka ɗauko Atine daga kan turminta, ƙafafunta sun kumbura, aka biya aka ɗauki Sahura da ta sauko da gudu daga madatsar. Wannan shi ne na Gaje.

Ana idar da sallar la'asar a kan tudu suka ji wani rugugi kamar aradu a ƙarƙashin ƙasa. Hajiya Furera ta ga jan ruwa ya shiga kwarin, ya haɗiye gidan da ta gina, da masallaci, da rumbuna. Mata suka sa salati. Mai Gari ya bi gida gida yana kiran sunaye, kowa aka kira ya amsa. Ko rai ɗaya ba a rasa ba. Nan ne Hajiya Furera ta durƙusa ta kai goshi ƙasa, tana kuka tana godiya ga Allah da ya haɗa ta da waɗannan mata.

Ba ta ɗago ba aka zo aka ce wata daga cikin matan, Larai, naƙuda ta kama ta tun a mota. Aka kafa tamfol, Hajiya Furera ta wanke hannu ta shiga. Kafin magariba aka ji kukan jaririya.

Ana gobe suna, uban jaririyar, Malam Haladu, ya zo ya tsuguna gaban Hajiya Furera. Ya ce da sunanta ya yi niyyar sawa. Ta yi dariya ta ce masu sunanta a garin nan sun kai tara, kuma ita ba abin da ta yi sai aikin da ta saba. Ya ce to, ta zaɓa masa ɗaya daga cikin ukun nan, wadda ta fi cancanta, domin yana so yarinyar ta tashi ta san a hannun wa ta tsira. Suna ɗaya ake raɗa wa yaro, ba uku ba.

Hajiya Furera ta je ta same su. Sahura ta ce, "Ni gani kawai na yi. Na faɗa, ba wanda ya motsa sai da Atine ta zauna. Kuma ruwan da na saki shi ya yanke hanya." Atine ta ce, "Ni zama na yi. Da Gaje ba ta zo ba, da na tara mutane ne kawai ruwa ya same su a wuri ɗaya." Gaje ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Ni dai in an ba ni takwara ba zan ƙi ba, har akuya zan saya mata. Amma tsakani da Allah, Yaya, ba don Sahura ba, da muna kan tabarma muna shan shayi ruwan zai iske mu."

Hajiya Furera ta dawo ta zauna a bakin tamfol da jaririyar a cinyarta. In ta tuna hannun Sahura da ya sale a kan madatsar da ke shirin tafiya da ita, sai ta ce ita ce. In ta tuna tsohuwa a kan turmi cikin rana, sai ta ce a'a, wannan ce. In ta tuna masarar shekara guda a cikin rami da mai ita a gaban mota, sai ta sake sauya ra'ayi. Ga rago an ɗaure, ga liman an gaya masa ya zo da sassafe, ga Malam Haladu yana jira.

To, jama'a, ga ku ga Hajiya Furera. Wadda ta gani, da wadda aka yarda da ita, da wadda ta kwashe mutane: sunan wace ce a cikinsu za a raɗa wa yarinyar nan?