Wanki Biyu a Madadin Biyar

Akwai wata ma'aikaciya a ɗakin gwaje-gwaje da abokan aiki ke kira Yanzu-yanzu. Ta iya aiki, amma ba ta da haƙuri ko na ƙwayar zarra. In aka ce a jira minti goma, sai ka ga ƙafarta na rawa.

Aikinta shi ne auna alamar kumburi a jinin ɓeraye. Akan ɗiga ruwan jinin a faranti mai ƙananan ramuka casa'in da shida, a zuba sinadarin garkuwar jiki da ke kama alamar, sannan a wanke ramukan sau biyar. In wankin bai cika ba, ragowar sinadarin kan maƙale ya ba da launin ƙarya.

Wata ɗaliba, mai kiranta Yaya, ta shekara biyu tana gwada wani magani a kan ɓeraye arba'in. Ta kawo mata jininsu na ƙarshe. A ranar, Yanzu-yanzu na son ta riski motar ma'aikata, sai ta yi wanki biyu ta wuce gaba. Ramukan suka rine rawaya jawur. Har ramin da ba a sa jini ba, wanda bai kamata ya rine ba, ya yi launi. Ta gane launin ƙarya ne, amma ta cire lambar wannan ramin daga takarda, ta ajiye wa Farfesa, shugaban ɗakin, a tebur.

Washegari Farfesa ya tara su, fuska ba annuri. Ya ce sakamakon ya nuna maganin na ƙona jikin dabbobin, don haka jibi za a kashe su duka a duba hantarsu. Ɗalibar ta zauna a kan kujera kamar an zare mata laka.

Tun daga nan abinci ya daina wuce wa Yanzu-yanzu. Ko a salla sai ta rasa raka'a ta nawa take. Duk ƙofar da aka buɗe, sai ta ɗauka ita ake nema. Tsohon da ke kiwon ɓerayen ya tsokane ta, wai ko ita ma an ɗura mata maganin ne, ya ga ta yi laushi. Ta yi yaƙe. Sau biyu tana zuwa ƙofar Farfesa, ta juya da cewa gobe.

Ranar da ta iya shiga, kejin ɓerayen ya riga ya zama wayam. Rahoton hantar na gaban Farfesa: lafiya ƙalau, babu tabo. Ɗalibar na tsaye a gefe. Yanzu-yanzu ta faɗi komai. Jinin ya ƙare, ɓerayen sun tafi, babu abin da za a sake aunawa. Farfesa bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu, ta ajiye masa makullin ɗakin gwaje-gwajen.

A bakin ƙofa ɗalibar ta tsayar da ita a hankali.

"Yaya, wanki ukun da kika bari, minti nawa yake ci?"

"Shida," in ji ta, kanta a ƙasa.

"Allah ya isa ba zan ce ba. Amma shekara biyu ce."

Ya mai karatu, aikin da ba mai ganinka a kansa amana ce, kuma Allah na gani. Kada gaggawa ta sa ka rage abin da aka ce a cika. In kuwa ka riga ka yi kuskure, faɗe shi a ranar, tun ana iya gyarawa. Tsoron da ya hana ka magana yau, gobe wani bawan Allah zai cinye.