Sunan da Doniyor ya raɗa wa aikinsa

Akwai wani gwanin rubuta manhaja a birnin Tashkent, sunansa Doniyor. Kowa ya san ya iya aiki, shi ma ya san ya iya, kuma nan matsalarsa ta fara.

Ƙaramin kamfaninsu yana yi wa makarantun kuɗi manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Aikin duka yana rumbu guda. Mai son yin gyara sai ya cire reshe daga uwar aikin, ya raɗa masa suna, ya gama ya mayar. Idan za a tura wa makarantu sabuwar siga, sai a buga mata tambari, shi ma da sunansa.

Da mai kamfanin, Bahtiyor-aka ("aka" kalmar girmamawa ce a can, kamar a ce yaya), ya tashi naɗa shugaban sashe, sai ya tsallake Doniyor ya ɗauki Mohira. Mohirar da ta zo bayansa, wadda shi ya nuna mata kujerar da za ta zauna.

Tun daga ranar Doniyor ya daina amsa gaisuwarta.

Abu na farko da Mohira ta yi shi ne kafa ƙa'idar suna. Sunan reshe ya faɗi irin aikin da abin da ya shafa. Tambari kuwa lamba kawai, ba a ƙara ko kalma ɗaya.

Doniyor ya yi dariya a gaban kowa. "An ba ki kujera jiya, yau har kin fara raɗin suna? Sai a kawo rago."

"Doniyor-aka, akwai dalili," in ji ta. "Na haɗa tambarin da..."

"Riƙe dalilinki. Ina buga tambari tun kina haddace jadawalin lissafi."

Ya toshe kunnuwansa da abin jin kiɗa, ya juya mata ƙeya.

Daga nan ya mai da sunaye makami. Yau ka ga reshe mai suna "gyara/shirmen-shugaba", gobe "gyara/kwaɓar-jiya". Samarin ofis suna gani su danne dariya a bakin butar shayi. Mohira tana gani ita ma. Ta same shi ita kaɗai ta roƙe shi ya bari.

"Ai ƙa'idarki na bi," ya ce. "Ga irin aikin, ga abin da ya shafa. Ko ƙarya na yi?"

Ta kai ƙara wajen Bahtiyor-aka. Shi kuwa yana tsoron kada gwaninsa ya tafi, sai ya ce, "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Halinsa ne. Suna ne kawai, wa ke gani?"

Ana gab da ƙarshen zangon karatu Doniyor ya kawo wani babban gyara. Aikin ya yi kyau, amma ya murɗe shi yadda ba mai ganewa sai shi. Mohira ta mayar masa, ta ce ya sauƙaƙa, domin in ya yi rashin lafiya wani ne zai taɓa.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya sauƙaƙa yana cizon haƙori. Da ya zo buga tambari, sai ya rubuta lambar, ya ƙara mata wutsiya: "don-daƙiƙai". Ya tura wa makarantu, ya fita cin somsa, sambusar garinsu, yana fito.

Abin da ya ƙi saurara ran nan shi ne wannan: Mohira ta sa manhajar ta riƙa buga sunan tambari a ƙasan kowace takardar sakamako, domin in makaranta ta kawo koke a san sigar da take amfani da ita.

Washegari wata makarantar firamare ta raba wa yara takardunsu. A ƙasan makin kowane yaro, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: don daƙiƙai.

Kafin azahar wayoyin kamfanin sun ɗauki zafi. Doniyor ya yi wuf ya goge tambarin, amma ina amfani? Takardu sun riga sun shiga gidaje, iyaye suna ta tura wa juna hotonsu.

"Laifin Mohira ne!" ya daka tsawa a ofishin Bahtiyor-aka kashegari. "Wa ya ce ta buga tambari a takarda?"

"Wa ya ce ka zagi mutane a tambari?" Bahtiyor-aka ya mayar masa. "Tashi. Shugabar makarantar ta tara iyaye. Kai za ka tsaya a gabansu."

Sun tarar da zauren cike. Mohira tana can tun safe, tana sake buga takardu, tana bin iyaye ɗaya bayan ɗaya da ban haƙuri. Doniyor ya hau gaba ya fara cewa kuskuren na'ura ne.

Wani mutum mai kayan direban bas ya miƙe. Sunansa Anvar.

"Na'ura ba ta san zagi ba, malam. 'Yata Sevara karatu yana yi mata wuya. Bana ta dage, har makinta ya ɗaga. Ta taho da gudu za ta nuna min, a hanya 'yan ajinsu suka karanta mata abin da ke ƙasa. Tun jiya ko burodi ba ta taɓa ba. Ta ce ashe malamai ma sun san ita daƙiƙiya ce. Faɗa min, da wa kake?"

Doniyor ya dubi Bahtiyor-aka, ya ga ya sunkuyar da kai. 

"Ba da yara nake ba," ya ce da ƙyar. "Da abokiyar aikina nake."

"Wacce?"

Ya nuna Mohira da haɓa.

Anvar ya dube ta, ga tulin takardu a hannunta. "Wannan baiwar Allah da ke ba mu haƙuri tun safe? Kai ka yi zagin, ita take wanke maka?" Ya girgiza kai. "Ni ba na son haƙurinka. Ka biyo ni gida ka faɗa wa yarinyar da bakinka."

Haka ya bi shi. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya tarar da yarinya 'yar shekara tara a takure kan shimfiɗa, idanunta sun kumbura. Ba wanda ya zuba masa shayi. Ya durƙusa ya yi mata bayani cewa kalmar ba tata ba ce, ya rubuta ne don ya ƙona ran wata mata a wurin aikinsu.

Sevara ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "To ita matar, ita ma ta yi kuka?"

 Duk watannin nan Doniyor bai taɓa tambayar kansa wannan ba.

Makarantar ta soke yarjejeniyarta, wasu ma suka bi sahu. Bahtiyor-aka ya sallami Doniyor a makon. Ranar da ya zo kwashe kayansa, samarin da a da ke dariyar sunayen da yake raɗawa duk suka manne idanunsu a kan kwamfuta. Ya tsaya a gaban teburin Mohira yana neman yadda zai fara.

Ba ta ɗago ba. "Ka bar katin shiga wajen mai gadi," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Darasi: Kalmar da ka rubuta don ka ƙona ran mutum ɗaya ba ka san hannun da za ta faɗa ba. Kada girman kai ya hana ka sauraron dalilin ƙa'ida don kawai ka raina wanda ya kafa ta. Kai kuma shugaba, in ka ga ana cin zarafin na ƙasa ka ce "halinsa ne", da kai za a kwashi kunyar. Ku tura wa abokan aikinku wannan labari, wataƙila ya tsayar da hannun wani kafin ya danna.