Bijimin Watanda Ya Sha Ruwa

Akwai wani mutum a wani ƙauye, a zamanin da ba a cin nama sai ranar biki. Idan Kirsimeti ta matso, magidanta sukan haɗa kai su sayi bijimi ɗaya, a yanka, a kasa a kan ganye, kowane gida ya ɗauki kasonsa. Wannan shi ne watanda. Mu da muka ga kwanakin nan, har yau ƙanshin romon bai bar hancinmu ba.

Wata shekara aka koro bijimin daga kasuwa mai nisa, tafiyar yini guda cikin rana, aka ɗaure shi a ƙofar gidan mutumin nan, sai washegari a yanka. Bijimin yana haki, kumfa na zuba daga bakinsa. Rijiyar ƙauyen kuwa ta ƙafe, babu ruwa sai a rafi, can bayan dutse.

Sai mutumin ya shiga gida, ya ɗauko tulun ruwan da matarsa ta ɗebo.

Matar ta ce, "Maigida, ina za ka da ruwan girkin gobe?"

Ya ce, "Baƙonmu yana jin ƙishirwa."

Maƙwabcinsa ya yi dariya ya ce, "Haba, Baba! Ka bari, gobe zai sha ruwa a tukunya har ya ƙoshi."

Ya amsa, "Gobe daban. Yau dai a ƙofata aka ɗaure shi."

Ya juye ruwan a ƙwarya, bijimin ya shanye tas. Sa'an nan ya saɓi tulun da kansa, da furfurarsa, ya nufi rafi, mata suna yi masa dariya a hanya.

Da gari ya waye samari suka zo da sanduna. Ya ce, "Ku ajiye su. Wuƙar kuma a wasa ta a bayan gida, kada bijimin ya gani." Ya kwance igiyar, bijimin ya bi shi a hankali, ba duka, ba ja. Da aka yanka, mutumin ya kau da kai. Amma ya karɓi kasonsa, ya yi godiya ga Allah, ya ci, bai bar ko tsoka ta lalace ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'ya'yana. Ubangiji ya ba mu nama mu ci, amma bai ba mu izinin mugunta ba. Ran da ke cikin dabba shi ya hura shi, a hannunmu kuma amana ne har zuwa sa'a ta ƙarshe. Jinƙai na gaskiya shi ne wanda ake yi wa mai rai da ba zai taɓa rama maka ba.

Yanzu nama ya yawaita, tausayi ya ragu. Muna rataye kaji kai ƙasa a babur, mu bar akuya a rana tun safe, mu ce ai yankawa za a yi. In mun tashi daga sujada yau, kafin kowa ya sa hannu a tuwo, ya zaga bayan gida ya duba abin da ya ɗaure a can.